Wai An Sayi Iskar Bishiyoyin Babanmu

Kpalime, Togo
12 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Enyonam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Dodzi da yara. Yaya sanyin Beljiyam? Yaya tsofaffin da kike jinya? Allah ya ƙara miki haƙuri da su, ya ba ƙafafunki ƙarfin tsayuwa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwan ƙarshe ya yi kyau, koko ya nuna, ana ta fasawa ana shanya. Matata Yawa ta warware daga zazzaɓin da na gaya miki, ta koma rumfarta a kasuwa, har ta fara yi mini faɗa, alamar lafiya ta samu ke nan. Gwiwata ce dai har yanzu sai lallaɓawa. Na zauna rubutu da hannu ne domin a waya sai in ɗauko magana in rasa bakin zarenta, kuma akwai wani wuri a ciki da ba zan iya faɗa ba ina jin numfashinki.

Hoton da kika turo ya iso, wanda abokiyar aikinki ta yago daga mujallar cikin jirgi. Kin tambaye ni ko Dada ce. Dada ce, Enyonam, mahaifiyarmu da kanta. Zanenta ne mai ruwan bula na ƙungiyar mawaƙan coci, sandarta ce, kuma bishiyoyin da ke bayanta su ne itatuwan katakon nan na tik da marigayi Babanmu ya dasa a kan tudu shekarar da aka haife ki. Rubutun da ke ƙasa na karanta shi ya fi sau goma, wai wannan baiwar Allah ta dasa daji albarkacin fasinjojin jirginsu. Waɗanne fasinjoji? Lokacin da aka dasa waɗannan bishiyoyi, mai kamfanin jirgin ma ƙila yana tsumman goyo. Kin ce in gaya miki abin da ke faruwa, ni da nake kusa. To ni ɗin ma a hotonki na fara gani.

Washegari na rufe shago na hau acaɓa zuwa ƙauye. Rabona da hawa tudun nan tun watan Fabrairu, saboda gwiwa. Na ja jiki na hau. Abin da na tarar shi ne kowace bishiya an buga mata ƙusa, an rataya ɗan faranti mai lamba. Kin san ni kafinta ne, ganin ƙusa a jikin tik mai rai sai na ji kamar a ƙafata aka buga. Zuciyata ta ba ni cewa wani ya sayar da katakon a bayan idonmu. Na sauko da fushi na tambayi Dada. Tana tsince ƙwayar koko a kan tabarma, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Ku da kuka yi boko kuke tambayata? Je ka tambayi masu takarda.” Na wuce wurin mai gari, Togbui. Ya ce e, wasu mutane sun zo da damina daga Lome da igiyar awo, suna rungumar bishiya suna rubutu. Ya ce ba katako suke so ba, sun ma ce kada a taɓa ko reshe. Na ce to me suke saye? Ya dube ni ya ce, “Agbeko, yadda suka gaya mini zan gaya maka, kada ka ce na sha. Iska suke saye.”

Ranar Lahadi ɗiyata Sefako ta zo daga Lome. Kin san tana aiki a filin jirgi, a teburin da ake auna kaya ana ba fasinja takardar shiga. Ina nuna mata hoton ta kwashe da dariya, ta ce ai kullum tana ganin mujallar nan, ba ta taɓa buɗe tsakiyarta ba. Ita ce ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce, “Papa, ka ɗauka kowane kamfanin jirgi da ke ƙetare ƙasashe an auna masa mudun hayaƙin da zai fitar. In ya wuce mudunsa, sai ya nemo wanda ya rage hayaƙi a wani wuri ya sayi takardar shaida a hannunsa. Ita bishiya hayaƙin nan take sha, shi ne tuwonta.” Na ce ni tun da nake ban taɓa ganin hayaƙi a kan tudunmu ba, in ba an ƙona ciyawa ba. Ta ce ba irin wanda ake gani ba ne. Ta ce takardun ma kasuwa gare su, farashi yana hawa yana sauka kamar na masara, wani ya saya yau ya sayar gobe, bai taɓa ganin bishiyar ba, bai kuma mallaki jirgi ba. Na ce tsaya in maimaita: abin da ba a gani, an saya daga wadda ba ta san tana da shi ba, an sayar wa wanda ba zai taɓa riƙe shi a hannu ba. Ta tafa hannu ta ce, “Yauwa, Papa, ka gane!” Allah ya sani, ban gane komai ba.

Muna cikin cin sakwara sai na ga ta tsame hannu. Uwarta ta matsa mata, sannan ta faɗa. Wai manyansu sun tara su sun ce mai ya yi tsada, ga kuma waɗannan takardun hayaƙi, don haka daga Janairu za a soke jirgin ranar Alhamis, kuma za a rage ma'aikatan tebur. Ita tana cikin waɗanda suka zo daga baya, kin kuwa san daga inda ake fara ragi. Na ce to ke nan kakarki ce ke cin aikinki? Ta ce a'a, in babu bishiyoyi irin na kakarta takardar sai ta ƙara tsada, a sallami mutane fiye da haka. Na ce to ke nan kakarki ce ke riƙe da aikinki? Ta ce ba haka ba ne kai tsaye. Yawa ta ce mu rufa mata asiri mu bar miya ta shiga, kanta ya fara juyawa. Ni nawa ya daɗe da juyawa.

Na ce ba zan zauna ba sai na ga masu takardar da idona. Ranar Talata na bi motar sassafe zuwa Lome, Sefako ta kwatanta mini ofishin. Na shiga da shirin faɗa, har na sa takalmin coci. Wanda na tarar wani Misiye Tsogbe ne, mutumin garin Notse, ya gaishe ni da harshenmu yadda ya kamata, ya ba ni kujera da ruwa, duk ya ɓata mini shiri. Ya juyo mini da kwamfuta, sai ga tudunmu daga sama, har da dutsen nan da kika faɗo daga kansa kika fasa haɓa. Kowace bishiya ɗigo ce kore. Ya ce sun san kaurin kowace ɗaya da yawan hayaƙin da take sha a shekara. Na ce ni da na yi wasa a ƙarƙashinsu ban san suna da irin wannan ci ba.

Na jera masa tambayoyina. Na ce shekara arba'in bishiyoyin nan suna shan hayaƙi ba wanda ya ce musu sannu, me ya canza yanzu? Ya ce abin da ake biya shi ne alkawarin ba za a sare su ba. Na ce jirgin da ya tashi daga Turai zuwa Amurka, ta yaya hayaƙinsa zai san hanyar Kpalime? Ya ce sama ɗaya ce, ba ta da iyaka. Na ce in sama ɗaya ce, me ya sa ƙanwata ke biyan kuɗin tsallaka ta? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce in gobarar daji ta cinye su fa, jirgin zai dawo ya haɗiye hayaƙinsa? Ya ce akwai tanadin da aka yi wa wannan, ya fara zana mini akwatuna da kibiyoyi a takarda, na ce ya bari haka. Game da rubutun mujalla kuwa, ya sosa ƙeya ya ce wannan daga na sama da shi ne, zai rubuta musu. Ban sani ba ko zai rubuta.

Sai na zo kan abin da ya kawo ni. Na ce wa ya ba su izini? Ya buɗe fayil ya nuna mini shafin ƙarshe: shekara talatin ba sara, ba yanka, ga kuma dangwalen babban yatsa. Na miƙe tsaye, gwiwa ko ba gwiwa. Na ce sun sami tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya wadda ba ta san baƙi ba, sun yaudare ta, zan kai su gaban hukuma. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali, “Fo Agbeko, yayana, zauna. Ba mu muka neme ta ba.” Wai sun je ƙauyen ne don gonakin wasu, ita ta tare su a hanya ta ja su kan tudu. Ta sa aka kira malamin coci ya karanta mata takardar da harshenmu, ranar farko, ya sake karantawa rana ta biyu. Ba ta tambayi ko nawa za a ba ta ba. Tambaya ɗaya ta yi: in ta dangwala, ɗan da ta haifa da cikinta zai iya sarewa? Suka ce ko shi ba zai iya ba. Ta ce a miƙo tawada.

Enyonam, nan ne wurin da na ce ba zan iya faɗa a waya ba. A watan Fabrairu na sami aikin ƙofofi da tagogi na wani sabon otal, aikin da ban taɓa samun irinsa ba tun da na buɗe shago. Na yi magana da masu injin yanka katako daga Atakpame. Na hau tudu ni kaɗai da gwangwanin jan fenti, na zaɓi arba'in mafi miƙewa na yi musu alama. Ban gaya wa Dada ba, ban gaya miki ba, alhali rabinsu naki ne. Na ce wa kaina in aiki ya kammala zan kira ki in yi bayani, in aiko miki da rabonki, ke da kike nesa me za ki yi da itace? Na kuma ce Dada ta daina hawa tudu, ba za ta gani ba. Kafin ranar yanka gwiwata ta kumbura, na kwanta, mai otal ya gaji da jira ya ba wani. Na ɗauka magana ta mutu, ba wanda ya sani sai ni da Allah. Ashe Dada tana hawa tudu. Ina roƙonki gafara. Ba ni da wata hujja, na nema a mota tun daga Lome har gida ban samo ba.

Ban tsaya a Kpalime ba, na zarce ƙauye. Na same ta da rana tsaka tana juya koko. Na durƙusa, abin da gwiwata ba ta yarda da shi ba tun da ta kumbura. Ta bar ni a durƙushe har ta gama layin da take juyawa. Sannan ta ce, “An gaya maka ke nan. Tashi, kada ka ƙarasa ƙafar in rasa mai kai ni coci.” Na ce me ya sa ba ta kira ni ta yi mini faɗa ba, ta je ta ɗauko baƙi? Ta ce, “Faɗa? Tun kana da wando ɗaya nake maka faɗa. Za ka ce to Dada, ka jira in mutu. Na nemi wanda ba za ka iya ce wa to ba.” Na ce ta san kuwa abin da ta sayar? Ta ce ba ta sayar da komai ba, ta ɗauki masu gadi ne, kuma su ke biyanta. Abin da suka ba ta ma ta sauya kwanon ɗakin girki da shi. Ta ce ita maganar iska da jirgi ba ta dame ta ba, in mutum ya zo ya ce zai biya ka don ka bar abinka a inda yake, ba ka tambayarsa ko lafiyarsa ƙalau.

Na nuna mata hoton na karanta mata rubutun, ina zaton za ta ji haushin an shafe sunan Babanmu. Ta riƙe takardar nesa da ido ta ce sun sa ta yi ƙiba. Game da dashen kuwa ta ce, “Ubanku rami ya haƙa. Wa ya ɗauko ruwa daga rafi rani biyu, da ƙanwarka a baya, kai kana biye kana kuka? Wannan karon dai an rubuta daidai. Fasinjojin ne ban gani ba, ko tulu ɗaya ba su ɗauka ba.”

Daga nan ta ɗauki sandarta ta ce in biyo ta. Tsohuwar nan ta riga ni kaiwa saman tudu, tana tsayawa tana jirana tana tsaki. Muka wuce waɗanda na shafa wa fenti, ban ɗaga kai ba. Can gefen rafi ta tsaya gaban wata tik, miƙaƙƙiya, ba ƙulli ko ɗaya, irin wadda kafinta ke mafarki. Babu ƙusa a jikinta, babu lamba. Ta ce ta hana su taɓa wannan, sun yi gardama ta ce to su kwashe takardarsu. Ta dafa ta ta ce, “Wannan taka ce. Sau ɗaya za ka yi sara a tudun nan, kuma ka san aikin da za ka yi da ita. Ba na son akwatin gawa na kanti mai sheƙi, wanda gindinsa ke ɓallewa a hanya. Hannunka nake so.” Na ce Dada, wace irin magana ce wannan? Ta ce maganar katako ce. In sare ta da ranin nan, in yanka, in jera a inuwa, domin tik ɗanye ba ya aikin kirki, ni na fi ta sani.

Na tambaye ta ko wani wuri na mata ciwo. Ta ce ba inda ke mata ciwo sai kunne, saboda yawan tambayata. Na tambayi Afi da ke kwana da ita, ta ce tana ci tana sha, sai dai kwanan nan ta rarraba zannuwanta na cikin akwati, ta bar biyu kawai. Na ce mu je asibiti a duba ta, ta ce in fara kai gwiwata. Ban sani ba, Enyonam. Ban sani ba ko tana jin wani abu a jikinta ne, ko kuwa shiri ne kawai irin nata, kin san ta da son kammala aiki tun kafin a tambaya. Na wasa gatari na ajiye, na kasa hawa.

Ga kuma wata a gabanmu. Misiye Tsogbe ya ce tun da ƙasar gado ce, ana bukatar sa hannuna da naki kafin ƙarshen Maris, in ba haka ba alkawarin zai tsaya ne iyakar ran Dada. Na kwanta da maganar na tashi da ita. In mun sa hannu, mun ɗaure 'ya'yanmu shekara talatin a kan cinikin da ni ban fahimta ba, kuma ban san ko muna taimakon sama ba ne ko muna ba masu jirgi izinin su ƙara ƙona ta. Sefako ta ce ita ma wata rana tana ganin haka, wata rana tana ganin akasin haka. In kuma mun ƙi, to ranar da Dada ta rufe ido babu abin da ya tsaya tsakanin bishiyoyin nan da mutum irina. Na ga abin da na iya yi sau ɗaya, ba zan rantse miki a kan kaina ba. Ke kina zaune cikin mutanen da suka ƙirƙiro abin, ƙila akwai wanda zai warware miki shi da kyau. Ki tambaya. Abin da kika yanke shi zan bi, domin a wannan magana na zubar da girmana na wa.

Ki gaishe mini da Dodzi, ki ce na gode da maganin shafawa, yana ɗan taimakawa. Ki gaishe da Elikplim da Akpene, ki ce kawunsu yana nan yana ajiye musu kujerun da ya yi musu, ko da yake yanzu sun yi musu kaɗan. Yawa tana gaishe ku, Sefako ma haka, ta ce ki sa ta a addu'a kafin Janairu. Gwaggo Mawusi da Afi da malamin coci duk suna miƙa gaisuwa. Togbui ya ce in tambaye ki ko a can ma ana sayen inuwa, yana da ita da yawa.

Jiya da na gaya wa Dada zan rubuto miki, na ce me zan faɗa miki daga gare ta. Ta ce takardar sa hannu kada a aika miki da ita, ki zo ki sa a nan, a gabanta. Na ce tikiti ya yi tsada, ga aiki, ga jirgin ma ana ragewa. Ta ce shekara tara tana jin wannan karatun. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara, ga shi kuwa: “Ki hau jirgin ki zo. Ya ƙona duk abin da zai ƙona, ina da masu shanyewa. Ki zo ki same ni a tsaye, tun katakon yayanki bai bushe ba.”

Zan sare bishiyar ranar Litinin.

Ni ne yayanki mai jiran amsarki,
Agbeko